Sabuwar Huda a Bel

Ga shi nan tsaye a gaban mai gyaran takalma, cikin kayan motsa jiki masu sheƙi da fararen takalman gudu waɗanda ko ƙasa ba su sani ba. Mota ce ta sauke shi a bakin rumfar, amma sai haki yake yi. Yana riƙe da gorar ruwan citta da lemon tsami, yana kurɓa yana yamutsa fuska kamar mai aikin lada.

"Ka san sirrin? Injin ciki ake tayarwa," in ji shi, alhali ba wanda ya tambaye shi. "Citta da sassafe, tafiyar ƙafa, ɗaga ƙarfe. Ko barci nake, kitse ƙonewa yake yi."

Mai gyara dai kallon sukarin da ya maƙale masa a gemu yake yi, da maiƙon da ke yatsunsa. Ya tabbata akwai wata baiwar Allah a gida da ke daka cittar nan kullum, tana dafa masa ganye ba mai, tana jiran ganin canji.

Can sai gogan ya waiga hagu da dama, ya zare bel ɗinsa, ya rage murya.

"Ƙara mini huda."

"Ta ciki, yallaɓai?"

"Ta waje. Ka ɗan goga mata baƙi ta tsufa. Maiɗakina tana dubawa."

Mai gyara ya ɗauki basilla.

"Hudar kam zan ɓoye, yallaɓai. Tumbin ne ba ni da kayan aikinsa."