Hannun da Na Miƙar

Yayana mai rubuta allunan shaguna ne. Shekara goma sha tara yana hawa tsani da gwangwanin fenti rataye a gwiwar hannu, kuma rabin shagunan layinmu rubutunsa ne a goshinsu: mai aski, kantin magani, mai gyaran waya. Ga shi da tsantsenin tsiya. Harafi ɗaya ya karkace, sai ya shafe allon gaba ɗaya ya sake, mai shago na kumfar baki, shi ko a jikinsa.

Wata safiya tsani ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti, ya faɗo ta ƙeya, lakarsa ta taɓu a wuya. Bayan wata biyu aka sallamo mana shi daga asibiti a kan keken guragu. Ƙafafu ba motsi. Kafaɗa da gwiwar hannu suna aiki, wuyan hannu yana ɗagawa, yatsu kuwa shiru. Ranar sallamar wani mai farar riga ya tsaya a kanmu, waya maƙale a kunne, ya ce, "A riƙa motsa masa gaɓoɓi kada su sandare." Ya juya abinsa. Har gobe in na tuna ƙeyar mutumin nan sai in ji zuciyata na tafasa.

Muka kwashe gwangwanaye daga ɗakin ajiyarsa muka kafa gado. Burin Yaya ɗaya ne, kuma kullum sai ya faɗa: ya riƙe cokali da kansa, in Allah ya so ya riƙe buroshi. Ni da Mama muka raba aiki. Na ɗauki hannun dama, don shi ne na sana'a, kuma ni ce mai ƙarfi. Na bar wa Mama hagu.

Safe da yamma sai in shimfiɗa tawul a kan tebur, in ɗumama man shafawa, in danne tafin hannunsa, in tanƙwara wuyan hannun baya, in ja yatsun su miƙe sambal, in ƙirga talatin. Ba ya jin zafi, don haka nake ƙara dannewa.

"Auta," yakan ce mini, "ke fa da soja kika shiga da yanzu kin yi nisa."

Mama kuwa riƙe hannun kawai take yi tsakanin nata biyu, tana shafawa tana hawaye. Yatsun hagu suka fara naɗewa. Ni kuma bakina bai mutu ba.

"Mama, wannan ai gaisawa kike yi da shi. Dubi nawa, dubi naki. Za ki nakasa shi da tausayi!"

"Ki ƙyale ni, 'yar nan. Zuciyata ba za ta iya jan yatsun nan ba."

Wata biyar ina yi mata gori, har a gaban baƙi.

Sai wata likitar gashin ƙashi, wadda Yaya ya taɓa rubuta wa allon wurin aikinta, ta ji labari ta zo duba shi. Ta zauna a bakin gado ta kama hannun hagu.

"Mai fenti, ɗaga mini wuyan hannun nan."

Ya ɗaga. Yatsun nan da nake zagi suka rufe da kansu, suka haɗu da babban yatsa. Ta sa masa soso a ciki. Bai faɗi ba. Mama ta saki salati.

Likitar ta koma kan hannun dama. Ya ɗaga, ya sake ɗagawa har gumi ya keto masa. Yatsu suna nan shimfiɗe kamar silifa.

"Wa yake miƙar da wannan?"

"Ni ce," na ce, har da gyara zama.

Ta dube ni, ta sassauta murya. Ta ce mai irin ciwon Yaya ba shi da ƙarfin yatsu, jijiyoyin ne ake bari su ɗan ɗaure, yadda in ya ɗaga wuyan hannu za su jawo yatsun su kama abu. Ana motsa yatsun, amma ba a taɓa miƙar da su wuyan hannu na tanƙware baya. Abin da na yi ke nan, sau biyu a rana, wata biyar.

"Zai dawo?"

"Za mu ɗaure shi a naɗe mu gani. Amma ba zan yi miki alkawari ba."

Magana ce ta minti ɗaya. Minti ɗaya! Mai farar rigar nan bai da shi, yana waya. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina ninki goma. Mama ba ta rama gorin ko da kallo ba, wannan ma ya fi cin raina.

Aka koma kan hagu. Murfin kwalba daga wannan kwano zuwa wancan, sau hamsin. Maballi. Cokali da aka naɗe wa tsumma ya yi kauri. Abinci a ƙirji, a gemu, a zanin gado, yana tsaki yana sakewa. Ranar da loma ta fara isa bakinsa Kawu ya zo dubiya yana zaune, sai cewa ya yi, "Af, da hagu?" Ban san lokacin da na miƙe na buɗe masa ƙofa ba. Har yau ba ma ga maciji, kuma ban yi nadama ba.

Hannun dama dai bai dawo ba. Mun ɗaure shi wata huɗu, da an kwance ya koma shimfiɗe.

Makon jiya Yaya ya ce in naɗe masa buroshi da roba. Na ajiye kwali a kan tebur. Ya ɗaga wuyan hannun hagu, ya kama, ya tsoma a baƙin fenti, ya fara jan harafi. Ya karkace, irin wanda a da zai shafe allo saboda shi. Kwalin kuma sai zamewa yake. Na kai hannu zan riƙe masa, ya ce in bari. Ya ciccibo hannun daman daga kafaɗa ya kifa shi a kan kwalin, shimfiɗe lif, kwali ya tsaya cak.

"Kin gani, Auta? Naki ma ya samu aiki."

Mama ta yi dariya tana share ido. Ni ban yi ba. Na tsaya ina kallon hannun da ya rubuta rabin layinmu yana danne takarda.