Ba Maganin Farfaɗiya Ne Ya Kashe Ka Ba, Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Kawu, bayan jinyar ciwon huhu ta kwana tara.

Tun kafin a watse daga jana'iza na fara jin raɗe-raɗi, wai maganin farfaɗiyar da ka shekara talatin kana sha ne ya cinye ka. Ban yarda ba, kuma ba zan yi shiru ba. Ina tsaye likita ya faɗi abin da ya kwantar da kai.

Ba ka taɓa ɓoye wahalar maganin nan ba. Ya sa ka gyangyaɗi a kan teburinka na gyaran agogo, ya kumbura maka dasashi. Shekarar da hannunka ya kama rawa, har ƙananan ƙarafan cikin agogo suka riƙa suɓuce maka, dangi suka ce ka watsar da shi. Ka ƙi. Ka rubuta duk abin da kake ji a takarda, ka koma wurin likita, aka gyara maka adadin a hankali har hannu ya dawo. Kana dariya kake cewa abin kunya ne mai gyaran agogo ya makara wajen shan magani.

Da 'yata ita ma ta fara faɗuwar farfaɗiya, maƙwabta suka hana yaransu cin abinci da ita. Kai ka zaunar da ita a gabansu, ka sha ruwa a kofinta. Mako biyu da fara maganinta, ka lura da jajayen ƙuraje a wuyanta, leɓenta ya soma salewa. Na ce zafi ne kawai. Ka ce, "Ɗauko mayafinki, 'yar nan. Asibiti za mu yanzu." Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu, da wuya ta tashi. Maganin ne bai karɓe ta ba, aka canza mata wani. Bana za ta gama sakandare.

Jiya wata mai ta'aziyya ta ja ni gefe, ta ce in raba yarinyar da ƙwaya tunda na ga ƙarshenka. Na ce na gani kuwa: shekara sittin da takwas, da sana'arka, da 'ya'ya biyar. Yau da safe, a gaban kowa, na miƙa wa 'yata maganinta da hannuna.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba iyalinka da mu duka haƙurin rashinka. Amin.