Ba Hawa Ne Ya Kashe Lawal Ba

Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwar ɗana Lawal. Ni ba mai yawan magana ba ce, rubutun ma a ajin yaƙi da jahilci na koye shi da furfurata, amma bana na kasa yin shiru.

Aikin Lawal hawan ƙarfen sabis ne, dogayen ƙarafan nan da aka kakkafa a Abuja lokacin da wayar hannu ta shigo. Daga Karmo yake fita da igiyarsa a kafaɗa, yau Maitama, gobe bayan Karshi. Ina jin tsoro, ban kuma ɓoye masa ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Inna, daga can sama har rufin ɗakinki nake hangowa, na ga inda yake yoyo." Yana son aikin nan, yana shirya masa, bai taɓa faɗowa ba.

Amai da gudawa ne ajalinsa, daminar da ruwan rijiyar unguwarmu ya ɓaci. A kan tabarmata ya cika. Amma tun a zaman makoki na ji ana raɗa, wai karambani ne ya kai shi. Na kau da kai. A hankali labarin ya juye, har yaran layinmu na yanzu sun yarda daga ƙarfe ya faɗo. In yaro ya hau katanga sai a ce, "Sauko, kar ka zama Lawal!" An mayar da sunan ɗana abin tsorata yara, ita kuwa rijiyar tana nan, ana sha.

Da zai leƙo yau, na san da dariya zai fara. Amma ba zai yi dariyar abin da ake shirin yi wa 'yarsa ba.

'Yar tasa Zainab ta samu gurbin koyon haɗa wutar sola, aikin da ake hawa rufin bene. Baffanta Sani, wan Lawal, ya same ni ya ce, "Inna, jinin karambani ne, ki taka mata birki. Ki tuna ubanta." Na ce, "Sani, kai ka riƙe masa kwano yana amai. Faɗa mini, daga wane ƙarfe ya faɗo?" Na ce to kada na ƙara jin an tsorata marainiyar nan da ƙarya a kan ubanta.

Lawal bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar yarinyar da in ta ga abu mai tsawo sai ta tambayi ta ina ake hawa, kuma ba zan bari a kashe mata wannan ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar Litinin ta fara. Ni na raka ta tasha. Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Tsohuwa, tsoro kike ji?" Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ki ɗaure igiyarki da kyau, ki hau."