Akuyar Baffa da Na'a-na'ata

Ni ne mai laifi a maganar akuyar nan, kuma na sani tun ranar da abin ya faru. Taurin kai ne ya sa na yi wata huɗu ban faɗa ba.

A garinmu Burumburum kowa ya san ƙa'ida. Da damina mai dabba ke ɗaure dabbarsa a turke. Idan aka kwashe amfanin gona sai a sake su, wanda kuma ya shuka wani abu da rani shi zai yi masa shinge. A haka na tashi na tarar.

Shekarar da likita ya hana ni shayi mai sukari, na koma dafa ganye. Na samo dashen na'a-na'a a kasuwar Tudun Wada, na kafa a bayan gida inda ruwan alwala ke gangarawa, na ƙara da daɗɗoya da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami. Kullum da safe in tsinko, in jefa citta, in tafasa. Matata ta ce in yi darni. Na ce sai an kwana biyu, alhali ga kara nan jingine a jikin rumbu.

Maƙwabcinmu dattijo ne Bafulatani, aminin marigayi mahaifina, Baffa muke ce masa. Shanunsa sun ƙare tuntuni, saura awaki uku. Takin da na zuba wa shukar ma daga turkensu na kwaso.

Wata rana na dawo daga sallar La'asar na tarar da jar akuyarsa, mai ciki, a tsakiyar shukar. Ta cinye na'a-na'ar ƙarƙaf, ta tattake daɗɗoyar. Na ɗauki guntun icen girki na jefe ta iya ƙarfina. Na ji ƙarar ƙashin. Ta fita da ƙafa uku tana kuka.

Ba a jima ba Baffa ya yi sallama a ƙofar gida.

"Kai ka karya min akuya?"

Na ce, "Ni ne. Ta dawo gobe, ɗayar ƙafar zan karya."

"Da rani? Ina shingenka?"

"Ai ku ba ku da aiki sai cinye wahalar mutane."

Ya ce, "Mu su wa?"

"Ka san su."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Shekara arba'in muna cin tuwo kwano ɗaya da ubanka, bai taɓa ce min 'ku' ba." Ya juya.

Daga ranar gaisuwa ta yanke. In na hango shi a sahun gaba a masallaci, sai in koma ƙarshen sahu na biyu. Matata ta aika masa da tuwo a ɓoye, ya mayar da kwanon ko buɗewa bai yi ba. A majalisar ƙofar masallaci ya riƙa kirana mai lambun da bai kai tabarma ba, ana dariya. Ni kuma na ce wa duk mai saurare tsohon ya rikice. Washegarin faɗan na kafa darnin, mai tsayi, kowa ya wuce ya gani.

Kafin sati uku na'a-na'ar ta sake tohowa, har ta fi da yawa. Akuyar kuwa ta yi ɓari, ƙafar ta ɗore a karkace. Kowace safiya ina riƙe da kofin shayina, tana wucewa ta bayan darni tana ɗingishi. Na sha, amma ban ƙara jin daɗinsa ba.

Dab da faɗuwar damina matata ta ce ɗan Baffa zai zo ranar Juma'a ya ɗauke shi, ya koma wurinsa a Doguwa gaba ɗaya. Ta ce, "In ya tafi a haka, da wace fuska za ka riƙa yi wa mahaifinka addu'a?"

Ranar Alhamis da hantsi na shiga gidansa. Yana zaune yana ɗaure kayansa a buhu, bai ɗago kai ba. Na cire takalmi na durƙusa.

Na ce, "Baffa, lokacin sake ne, akuyarka ba ta yi laifi ba. Ni ne ban yi shinge ba, kuma na sani lokacin da na ɗauki icen. Maganar da na faɗa maka a ƙofar gida ta fi jifan muni. Ni ɗanka ne, na yi maka rashin kunya. Don Allah ka yafe min."