Dalhatu Mai Auna Jini da Hula

A 1984 na fara sanin Dalhatu, shekarar da aka kawo ni Gombe koyarwa. A makarantar mishan an horar da mu cewa namiji ba ya shiga taro da ƙazamar hula, don haka na nemi mai wanki, aka nuna mini rumfarsa a Jekadafari. A lokacin ana wanke hula a natse, a sa sitaci daidai, a ɗora ta a kan gungumen itace ta sha rana. Dalhatu ya iya wannan, ban hana shi ba. Illarsa ita ce yana ganin tunda ya san girman kan kowa a gari, babu abin da bai sani ba.

Bayan shekaru masu yawa, 'yata Hilda, ma'aikaciyar jinya, ita ta gano hawan jininsa, ranar da ya kawo mini huluna gida yana haki. Ta auna shi, ta ɓata fuska.

"Baba Dalhatu, kullum za ka riƙa shan magani. In ka yi wasa, hannun nan da kake ci da shi zai iya shanyewa."

Ya kwashe da dariya, ya dube ni. "Malam Elias, ji 'yar da aka yi wa suna a gabana! Ni jinina in ya hau, hula ce ke matse ni. Ranar sai in sha ƙwayarku. Ina ruwana da robar da kike hura wa iska?"

Haka kuwa ya yi. In hula ta zauna lafiya, babu magani, sai tsire da yaji da gishiri. In ta matse, ya haɗiyi ƙwaya ɗaya yana yamutsa fuska. Da matsewar ta yawaita, sai babban likitan namu ya samo mafita: ya jiƙa hular, ya ɗora ta a gungumen da ya fi girma. Washegari ta shiga sakayau, ya bi layi yana shelar ya warke. Har almajirai ya yi a wannan ilimi, dattawa masu furfura.

Wata Talata da hantsi, yana tsakar aiki, buroshi ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Hilda ce ta yi ta zirga-zirga a kansa a asibiti. Ya tashi, amma hannun bai dawo ba. Yanzu da hagu yake wanki, aikin yini ya koma na kwana uku.

Bai taɓa ce mata ta yi gaskiya ba. Girman kan nan bai shanye ba. Ni kuma na riƙe wannan a raina.

Bara Hilda ta dawo daga aiki tana mamaki. Ta ce wasu maza na ta zuwa a auna su, kowa da hula a aljihu. Ta tambayi ɗaya wa ya turo shi.

Ya ce, "Mai wankin hular Jekadafari. Na kai tawa ya faɗaɗa mini, ya ƙi. Wai ba zai taɓa ta ba sai na zo wurin 'yarsa, wato ke, kin ɗaura mini roba a hannu."

Har yau ya yarda hula na auna jini. Wautar na nan yadda take. Sai dai yanzu ƙofar Hilda take kai mutane.