Kaskon Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa barin wuta ta mutu a gidanmu na Harra ta Gabas ba. Muna da gas kamar kowa a Madina, amma ita tana da kaskonta. Da yamma ta rufe garwashi da toka, da asuba ta tona, ta ɗora shayi, ta zuba turaren wuta. Haka ta ga uwarta tana yi a ƙauyensu can Damagaram.

Ni na jawo abin da ya faru, da bakina mai kaifi. Lokacin ina jami'a, na karanta labarin Majusawa, mutanen Farisa na dā. Wasu masana sun ce Yahudu da Nasara sun ɗauki abubuwa a wurinsu, irin yaƙin haske da duhu da hisabin ƙarshen duniya, har abin ya bi su Turai. Na dawo gida kaina ya kumbura da ilmi. Na tarar da Inna durƙushe tana hura garwashi.

Na ce, "Inna, ke ma Bamajusiya ce ashe. Su ma ba sa barin wutarsu ta mutu."

Wasa nake yi. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Ke, bauta mata suke yi?"

Na fara kame-kame, wai girmama ta suke yi, wai alama ce ta haske. Ta miƙe, ta ɗebo ruwa a buta, ta kwarara a kaskon. Toka ta tashi ta cika ɗakin.

Na roƙe ta. Na kawo mata malamin unguwa ya ce babu komai, aiki da niyya yake. Ta saurare shi da ladabi, ta ce, "Khalas, shi ke nan, Malam. Na zo garin Manzo ne in mutu da tsabta."

Ba ta sake kunnawa ba. Da sanyi ya shigo, gwiwoyinta suka yi ta ciwo, tana zaune a gaban hitar lantarki da ta tsana. Har yau ina jin haushin kaina.

A ciwonta na ƙarshe ina shafa mata man zafi, ta riƙe hannuna. Na zaci wasiyya za ta yi.

Ta ce, "Ni kin gaya mini, na tuba. To tawa uwar fa, da ta rasu ba wanda ya gaya mata?"