Yayana da Mai Fanka

Yayana mai gyaran agogo ne. Shekara ashirin da biyu ke nan yana zaune a ƙarƙashin matakalar wani bene, a shagon da mutum ba ya iya miƙewa tsaye sai ya duƙa. Teburinsa na gilashi ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanin madara cike da matattun batura. Ni ƙanensa ina gefe da allon tabarau, benci ɗaya muke zama. Mutanen layin suna ce masa Kunne, don kafin ya buɗe agogo sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, ya gaya maka ciwonsa. Ban taɓa ganin ya kuskure ba, kuma wannan ma yana cikin abubuwan da ke ba ni haushi da shi.

Ba marowaci ba ne. Zai tashi ya ba ka kujerarsa, zai raba abincinsa da kai. Amma idan abu ya shiga ransa, ba ya son ido ya gan shi, balle hannu ya taɓa.

Shekara uku da suka wuce, wani hantsi da aka ɗauke wuta, yana latse-latsen waya ya faɗa shafin wani mutum da ke rera waƙa da jita. Mutumin ba ya nuna fuska. Wayar da yake ɗauka da ita silin take kallo, ba ka ganin komai sai tsohuwar fanka tana juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi. Mabiyansa ashirin da uku. Yaya ya sa masa suna Mai Fanka, kuma daga ranar ya ɗauke shi nasa shi kaɗai.

Wani ya taɓa gaya masa cewa duk abin da ka danna wa alamar so, manhajar kai shi take yi gaban wasu. Don haka bai taɓa dannawa ba. Bai bi shafin ba, bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba. Zai shiga ya ji sau goma, ya sauke waƙar a wayarsa, ya goge sunanta ya sa mata na kayan aikinsa. Akwai Batir, akwai Gilashi, akwai Hannun Minti. Kullum da safe sai ya leƙa lambar mabiya, in ya ga tana nan a ashirin da uku sai ya yi ajiyar zuciya ya fara aiki.

"Yaya, wa kake ji ne har kana gyaɗa kai?"

"Wani ne."

"Wanin ba shi da suna?"

"Kai dai goge tabaranka, yatsun mutane sun ɓata su."

Sau ɗaya tak ya miƙo min kunne ɗaya na abin sauraronsa. Muryar tana da ɗan kaushi, ba ta sauri, waƙar a kan mutumin da ke jiran mota ne alhali bai san inda za shi ba. Tsigar jikina ta tashi. Yaya ya matso ya ce min a hankali, "Ka ji fankar? Mai take so. Tun waƙa ta huɗu take kuka." Kafin a kai amshi na biyu ya zare abinsa.

Uwa ɗaya uba ɗaya, kullum kafaɗata na gogar tasa, amma rabin waƙa ne rabona. Ina kishin Yaya don shi ya samo, ina kishin Mai Fanka don shi Yaya ke yi wa murmushin da ni ban taɓa samu ba. Na yi ta neman waƙar Batir a intanet har na gaji, ba abin da nake samu sai tallan batir.

Daura da mu akwai mai aski da ake kira Rediyo, don bakinsa ba ya hutawa, sifikarsa ma haka. Yana ɗaukar bidiyon askinsa yana sawa a shafinsa, mutane da yawa suna kallo. Yaya ya tsani waƙoƙinsa. Yakan ce wannan ba kiɗa ba ne, faɗa ne tsakanin tukwane.

Wata rana Yaya ya maƙala madubin aiki a ido, ya duƙufa cikin wani ƙaramin agogon mata, wayarsa na gefe a buɗe. Na zagaya ta bayansa kamar mai neman tsumma, na karanta sunan shafin, na rubuta a tafin hannuna. Da la'asar na je Rediyo ya rage min suma, na buɗe masa hannun. Ba don Mai Fanka na yi ba, kuma ba don Rediyo ba.

Washegari da safe waƙar Gilashi ta fito daga sifikar Rediyo, har gilashin teburinmu na rawa. Ɗan sukurun da ke bakin hantsakin Yaya ya faɗi ƙasa. Ya durƙusa yana nemansa, ya daɗe a ƙarƙashin teburin fiye da yadda neman sukuru ke buƙata.

Rediyo ya ɗora waƙar a kan bidiyon aski. Cikin mako guda lambar mabiyan Mai Fanka daga ashirin da uku ta zama ɗari tara, kafin wata ya ƙare ta haura dubu arba'in. Masu kawo gyara suna shigowa suna rera ta ba daidai ba. Wata mata wayarta ta yi ƙara da Hannun Minti a gaban teburin, Yaya ya miƙa mata agogonta ya ce ta dawo jibi, alhali batir kawai za a canza.

"Ba su ma san abin da suke ji ba," ya ce min. "Ka tambaye su a wace waƙa tsirkiyar jitarsa ta tsinke ya ci gaba da sauran biyar."

Sai ga Mai Fanka ya nuna fuska. Siririn mutum ne mai furfura a gemu, yana magana yana kallon ƙasa. Ya ce shekara uku yana yi wa silin waƙa, ba wanda ya taɓa ce masa ko sannu. Ya ce yakan ga lambar masu sauraro tana ɗan hawa kullum, ya ɗauka manhajar ce ke da matsala. Wata biyu kafin nan ya riga ya ɗora jitar a saman kabad ya haƙura. Sannan ya gode wa mai askin nan, ya ce shi ne mutum na farko da ya ji shi a duniya.

Rediyo da kansa ya tsallako da bidiyon. "Malam Kunne, ka ga ni ɗanka na yi suna. Da kana jin waƙa ai da na tura maka, mutumin nan ya iya."

Yaya ya ce, "Allah ya ƙara ɗaukaka," yana ta goge gilashin agogon da ba datti a jikinsa.

Ranar Yaya ya wuni yana rubutu da yatsa ɗaya a shafin Mai Fanka. Ya fara da cewa tun mabiya na ashirin da uku yake tare da shi, sai ya duba ya ga mutum ɗari sun riga shi rubuta cewa tun farko suke tare. Ya goge. Abin da ya bari kawai shi ne: "Fankarka tana son mai."

Bayan kwana uku amsa ta zo. Ya miƙo min wayar ya ce in karanta masa, idonsa ya gaji. Na karanta: "Na gode, ɗan'uwa, ai tuni aka cire ta. Barka da zuwa. Ka koma baya ka ji tsofaffin, za ka so su."

Agogunan da ke rataye a bayan Yaya suna ta tafiya, kowanne da lokacinsa. Kunya ta rufe ni, na buɗe baki zan faɗa masa abin da na yi, ya riga ni.

"Ranar da ka tsaya a bayana, na ji lokacin da ka cire murfin biro."

"To me ya sa ba ka hana ni ba, Yaya?"

"Wata biyu bai sa sabuwar waƙa ba," ya ce. "Ni kuma hannuna ya ƙi danna masa alamar so."

Ya karɓi wayarsa, ya nemo Batir, wadda fankar ta fi kuka a ciki. Ya sa kunne ɗaya, ya riƙe ɗayan a hannu yana juya shi. Na ɗan matso. Ya dubi shagon Rediyo, ya dube ni.

"Duk mutanen garin nan, ka rasa wanda za ka kai wa sai wancan."

Ya cusa ɗayan ma a kunnensa.